Ƙafar kyamarar Babanmu ta katako: in gyara ta ta koma aiki, ko in bar ta yadda take?

Ɗan_Mai_Hoto
Assalamu alaikum 'yan zaure. Shawara nake nema wajen manya.

Makon jiya muna kwashe kayan ɗakin marigayi Babanmu saboda za a sake rufi, sai na ci karo da ƙafar kyamararsa a bayan adaka, an nannaɗe ta da tsohon bargo. Ta katako ce. Kowace ƙafa hawa biyu ce, sandar ciki tana zamewa tsakanin sanduna biyu na waje, in ta kai tsayin da kake so sai ka ɗaure da noti mai kunne na tagulla. Da ita ya yi sana'a tun kafin a haife ni. Na ɗora ta a sikelin mai shinkafa, kilo 4 da rabi.

Ga halin da take ciki. Ƙafa ɗaya ta tsage, tsagar ta kai taƙi guda. Noti ɗaya ya kafe, ko motsi ba ya yi. Banish ɗin ya yi baƙi yana ɓarewa. Akwai 'yan ƙananan huji kamar na allura a ƙasan wata ƙafar. Sannan bol ɗin saman da ake ɗaura kyamara ya fi ramin kyamarata kauri, ba ya shiga.

So nake in ɗora mata kai na zamani, wato abin da ake ɗaura kyamara a kansa ana juya ta, in riƙa aiki da ita a shago. Kafintan layinmu ya ce in kawo ya goge ta da inji ya fesa mata fenti ta dawo sabuwa fil. Na ce to, amma har yanzu ban kai ba, zuciyata ta ƙi kwanciya.

Mai_Bidiyon_Biki
Allah ya jiƙan Baba. Amma tsakani da Allah, ka goge mata ƙura ka jingine ta a shago don tarihi. Kilo 4 da rabi tun ba a ɗora kai ba! Ranar da ka bi amarya daga wajen kamu zuwa wajen dina da ita a kafaɗa, da kanka za ka dawo zauren nan ka ba mu labari.

Kafintan_Naibawa
Wa alaikumussalam. Ƙanena, zuciyarka ta yi maka gaskiya. Kada ka bari injin guga ya taɓa ta. Ba don ƙawa nake faɗa ba. Sandar cikin nan an fere ta ne daidai da ratar da ke tsakanin na waje. In inji ya cinye mata ko da milimita 1 a kowane gefe, notin zai ɗaure har ƙarshensa bai kama komai ba, daga nan kuma sai dai ka yi ta cusa takarda. Katakon da aka goge ba ya dawowa.

Fara da warware ta gaba ɗaya, amma kafin ka kwance komai ka ɗauki hotonsa, kuma kowace ƙafa ka zuba ƙarafunanta a gwangwani daban. Aikin hannu ne, notin wannan ƙafar ba lallai ya zauna a waccan ba.

Tsagar ba abin tsoro ba ce in dai ta bi tsawon katakon ne. Ka ɗan buɗa ta da bakin wuƙa, ka hure ƙurar, ka tura farin gam na kafintoci ciki da siririn kwali har ya fito ta ɗaya ɓangaren. Sai ka yanko robar tayar keke dogo-dogo, ka naɗe wurin tam kana ja. Ta fi kilam kama abu siriri, kuma ba ta barin tabo. Ka goge gam ɗin da ya tsattsafo da jiƙaƙƙen tsumma, ka bar shi kwana ɗaya cur. Ban da sufa gulu, ƙamewa yake kamar gilashi, katako kuwa motsi yake yi.

Notin da ya kafe, ka ɗiga masa kananzir safe da yamma kwana uku. In za ka kama shi da filaya ka sa guntun fata a tsakani. Tagulla laushi gare ta, kunnen zai iya ɓallewa a hannunka.

Bazazzagiya
Ni tambayata daban ce 😄 wai mene ne sunan abin nan da Hausa? Wasu su ce sitan, wasu tirayifod. Kakata da ta ga nawa cewa ta yi "murhun hoto", wai ƙafa uku kamar duwatsun girki.

ƊanDamagaram
Mu nan tirefiye muke ce mishi, daga Faransanci. Amma na kaka ya fi daɗi, na ɗauka.

Baba_Safiyo
@Mai_Bidiyon_Biki yarona, nauyin da kake gudu shi ne amfaninta. Na yi shekara 31 ina aikin awon ƙasa, kuma har na yi ritaya, in aikin na ƙwaƙƙwafi ne ƙafar katako muke ɗauka mu bar ta alminiyam a mota. Dalili biyu ne. Ka ƙyanƙyasa ƙafar alminiyam da farce kana leƙen madubin na'ura, za ka ga hoton yana karkarwa na ɗan lokaci. Ka yi wa ta katako haka, nan take take shanye girgizar. Na biyu, ƙarfe in rana ta buga gefe ɗaya miƙewa yake, sai ka ga kumfar lebur ta gusa kana tsaye ba ka taɓa komai ba. Katako bai damu da rana haka ba. Ga shi ba ya ƙona hannu da azahar a watan Afrilu.

@Ɗan_Mai_Hoto ka auna mana kaurin bol ɗin nan. In ya kusa milimita 16, to tamu ce ta safiyo Babanka ya mayar ta hoto, don namu bol ɗin 5/8 ne na inci, zare, wato haƙoran jikin bol, 11 a kowane inci. Masu hoto da yawa sun yi haka a da.

Ɗan_Mai_Hoto
Ranka ya daɗe, na je wajen wani makaniki ya auna min. Milimita 9 da rabi ne. Ya gwada masa noti na 10, ya shiga zagaye biyu ya tsaya. Ya ce wai zaren ne ya cinye, in bari ya sake yanka masa.

Injiniya_Tona
Kada ka bari! Zaren lafiyarsa lau, notin ne ba nasa ba.

Bari in yi bayani sau ɗaya, don kusan duk wata sai an kawo min irin wannan ɓarnar. Kayan kyamara ba sa bin awon milimita, awon inci suke bi, duk duniya, har kyamarorin Japan da Jamus. Girma biyu ne. Ƙaramin shi ne 1/4 na inci, zare 20 a inci ɗaya, wato kauri milimita 6.35. Shi ne a gindin kusan kowace kyamara ta yau. Babban shi ne 3/8, zare 16 a inci, kauri milimita 9.5. Naka ke nan. Tsofaffin kyamarorin Turai da manyan kyamarori na katako da shi suke amfani.

Inda mutane ke faɗawa rami: bol na 6 da ake sayarwa ko'ina ya yi kama da ƙaramin, na 10 ya yi kama da babban. Amma tazarar zaren na 6 milimita 1 ce, ta kyamara kuwa 1.27. Zai shiga zagaye ɗaya ko biyu ya cije. Mai ƙarfin hannu sai ya murɗa, shi ke nan an kashe ramin.

Tunda tsohuwa ce, mai yiwuwa zarenta irin na Ingila ne da ake kira Witwot, wanda kusurwar haƙorinsa digiri 55 ce, na yanzu kuwa irin na Amurka ne mai digiri 60. Amma a waɗannan girman biyu yawan zaren ɗaya ne, don haka suna shiga juna ba matsala.

Yanzu ga albishir. Kawunan zamani, na hoto da na bidiyo masu shimfiɗaɗɗen gindi, ramin ƙasansu 3/8 ne. Ma'ana bol ɗin Babanka shi ne daidai abin da kan zamani ke nema. Ba kyamara za ka ɗaura masa kai tsaye ba. Kai za ka ɗaura, kyamara ta hau kan kai. Ka ari na wani ka gwada kafin ka kashe ko sisi.

Sabon_Shiga22
Wayyo, da na ga wannan bayanin bara. Faifan da ake ɗaura wa kyamara ne bol ɗinsa ya ɓace ana gobe ɗaurin aure, na je wani shago aka ba ni na 6, dogo ma. Na murɗa da kwabo har na ji ƙas. Ashe ya wuce ramin ya fasa gindin kyamarar. Kuma ta maigidana ce. Wata huɗu ina aiki ana cirewa.

Injiniya_Tona
Sannu. Ɓarna biyu ka haɗa, zare da tsawo. Ramin kyamara gajere ne, bol ɗin da zai shiga kada ya leƙo fiye da milimita 5 sama da faifan.

Malam_Na_Ƙofa
Ku yi haƙuri in ɗan karkata. @Ɗan_Mai_Hoto kayan nan na marigayi ne. An raba gado an ba ka ita, ko dai ka tsinta ka ɗauka? Kada ka ga tsohon katako ne ka raina, haƙƙi ba ya ƙanƙanta. Ka sanar da sauran magada, ko su yafe maka ko a yi mata kuɗi a cikin rabonka.

Mai_Bidiyon_Biki
Kai Malam, har sandunan da gara ta fara ci?

Ɗan_Mai_Hoto
A'a, Malam ya yi gaskiya, Allah ya saka da alheri. An raba gado tuntuni, amma ita ba a san tana nan ba. Na kira Yaya babba da su Anti, kowa ya ce ya bar min tunda ni na gaji sana'ar. Hajiyarmu kuwa da ta gan ta shiru ta yi, can ta ce da wannan aka ɗauki hoton da aka kai wa iyayenta kafin aure. Sai na ji kunyar ma da na yi tunanin fenti.

@Injiniya_Tona na ari kan wani abokina na gwada. Ya shiga sumul har ƙasa. Allah ya ƙara basira, Oga.

Alhaji_Tsohon_Hannu
Jikana ne ya nuna mini wannan magana, shi yake rubuta mini.

Yaro, in Babanka ya fara sana'a a zamanin da nake zato, to ba ƙaramar kyamara ƙafar nan ta ɗauka ba. Akwati ne na katako, kyamara da ɗakin wanki duk a ciki. Mukan kafa a gindin bishiya kusa da kotu ko gidan waya ko tasha, mu rataya baƙin ƙyalle a bango, mu ajiye benci. Babu fim. Takardar hoto muke sawa. Babu abin dannawa kuma, murfin gilashin za ka cire da hannu, ka ƙirga a zuci, ɗaya, biyu, uku, ka mayar. Duk tsawon ƙirgen nan in akwatin ya motsa ko kaɗan, hoto ya lalace, takarda ta tafi a banza. Shi ya sa ƙafar take da nauyi. Sai ka zura hannu ta hannun riga da aka ɗinka a jikin akwatin, ka tsoma takardar a tasar magani ta farko, ka tsoma a ta biyu, duk da lalube. Abin da zai fito, baƙi ya zama fari, fari ya zama baƙi. Sai ka manna shi a ɗan allo gaban gilashin ka sake ɗaukarsa, sannan mutum ya fito da kamanninsa. Ka ɗauraye a bokiti, ka yanke da almakashi, ka miƙa masa da danshinsa.

Abin da ya sa na sa baki: ka duba sandunan ciki da kyau a cikin haske. Yawancinmu mukan yi tsaga da wuƙa a daidai tsayin mutumin da ke zaune a benci, don kada kullum sai an tsaya gwaji. In ka samu, kada ka goge.

Ɗan_Mai_Hoto
Allahu akbar. Baba Alhaji, na samu. Tsaga biyu a kowace ƙafa, datti ya cike su shi ya sa ban lura ba. Ta ƙasa an yi mata ɗan gicciye a gefe. Na buɗe ƙafafun a kan ta farko na zaunar da ƙanena a kujera, saman ya zo masa daidai ƙirji, in an ɗora akwati gilashin zai zo daidai ido. Ta biyun ta fi gajarta sosai.

Alhaji_Tsohon_Hannu
Ta 'yan makaranta ce.

Bazazzagiya
Wallahi sai da na ji ƙwalla. Da yanzu injin guga ya share.

Dillalin_Tsoffin_Kaya
Ɗan'uwa in za ka sayar ka yi min magana ta ciki. Amma a yadda take nake so. Da zarar an taɓa banish ɗin ko an wanke tagullar, kuɗinta ya faɗi. Masu sayen irin wannan tsufan suke biya.

UwarHanan
Kai dai ba ka gajiya. Mutum na maganar mahaifinsa kana maganar ciniki.

Dillalin_Tsoffin_Kaya
Hajiya ai gara ni da 'yan jari bola, su tagullar za su ɓalle su hura wuta da sauran.

Ɗalibin_Tarihi
Labarin Baba Alhaji ya tuna min da Seydou Keïta na Bamako. Shi ma ɗan kafinta ne, kuma kafinta ya fara koya kafin kawunsa ya ba shi kyamara a 1935. Ya buɗe wurin ɗaukar hotonsa a 1948, yawancin aikinsa a tsakar gida ya yi da hasken rana da babbar kyamara a kan ƙafa. Hotunan da ya ɗauka don mutane su kai gida yau suna rataye a manyan gidajen tarihi na Turai da Amurka. Abin da ke ba ni takaici, namu na nan da suka yi irin wannan aikin, in sun rasu sai a zubar da komai. @Ɗan_Mai_Hoto ka sake bincika adakar nan, ko akwai ragowar takardu ko fim.

Ɗan_Mai_Hoto
Na duba, babu. Ruwan da ya sa za mu sake rufin shi ya gama da su.

Mu koma kan hujin nan don Allah, shi ya fi damuna. Gara ce?

Kafintan_Naibawa
Ba gara ba ce. Gara daga ciki take cinyewa ta bar maka ɓawo, kuma za ka ga ƙasa. Wannan ɗan ƙwaron nan ne mai huda katako yana zubo gari. Ka shimfiɗa baƙar leda, ka kwantar da ƙafar a kai kwana huɗu ba mai taɓawa. In ka ga sabon gari fari-fari a ƙarƙashin hujin, yana ciki. In babu, ya daɗe da tashi. In yana nan, ka sami sirinji ka ɗura kananzir a kowane huji. Bayan ya bushe ka toshe da kakin zuma. Sannan ka danna wurin da bakin sukundireba, in ya lotsa to sai an yanke an yi ƙari.

Likitan_Waya
Na karanta cewa gidajen tarihi a firiza suke sa irin wannan na kwanaki, sanyi ya kashe ƙwarin.

Mai_Bidiyon_Biki
Firizar da za ta yi kwanaki da sanyi? Da wace wutar? 😂 Ƙwarin za su ɗauka hutu aka kai su.

Direban_Tirela
Ku daina wahalar da yaro. Baƙin mai. Ka shafe ta da shi, ba ƙwaron da zai sake kusantarta har jikokinka.

UwarHanan
Sai kuma amarya ta zo da farin leshi ta goga a jiki, ko? Ni man kaɗe nake shafa wa muciya da akushina, kuma ba su taɓa tsagewa ba ko a tsakiyar hunturu.

Kafintan_Naibawa
Baƙin mai na katakon rufi ne da turken shinge, Oga direba. Ba ya bushewa har abada, kuma gam ba zai sake kama wurin ba. Man gyaɗa ma kada a fara, ɗoyi yake yi ya jawo kyankyaso. Man kaɗe na Hajiya ba laifi, sai dai yana daɗewa da maiƙo, ƙura ta manne.

Tsohon banish ɗin, ka jiƙa auduga da sipirit ka gwada a wani lungu. In ya narke ya yi danƙo, to irin na da ne, da sipirit da tsumma kaɗai za ka cire wanda ya lalace ba tare da ka taɓa katakon ba. In sai an sa samfefa, mai laushi sosai, da hannu, kana bin tsawon katakon. Bayan nan man linsid na shagon masu fenti, dafaffe. Shafa kaɗan, jira minti 20, goge duk wanda bai shiga ba, bar shi kwana ɗaya ko biyu. Sau uku ya isa. Daga ƙarshe ka murza kakin zuma.

Gargaɗi ɗaya, kuma da gaske nake. Tsumman da ka shafa man linsid da shi kada ka dunƙule ka jefa a kwali. Da kansa yake ɗaukar zafi har ya kama da wuta, ba ashana ba komai. Ka shanya shi a buɗe a ƙasa ko ka tsoma a ruwa. Na san shagon da ya tashi cikin dare a kan haka.

ƊanDamagaram
Wurin tsagar, bayan kole, wato gam, ya kama, kai ma dukawa su naɗe mishi fata jiƙaƙƙa su ɗinke. In ta bushe tana matsewa kamar an sa ƙarfe, yadda ake ma kuben takobi. Amma a yi daga waje, inda sandar ciki ba ta gogawa. Kuma ka yi ma sauran biyun don su yi iri ɗaya.

Bazazzagiya
Tagullar kuma tsamiya. Jiƙa ta ta yi kauri, zuba notinan na ɗan lokaci, murza da toka, ɗauraye, shanya. Za su yi wal kamar zinare.

Ɗalibin_Tarihi
Anti ni a nan ban bi ki ba. Duhun nan na tagulla ba datti ba ne. Kunnen notin inda yatsan Babansa ke kamawa zai fi sauran haske, shekara da shekaru ne suka yi wannan. In aka wanke duka ya tafi, kamar tsagar nan ta wuƙa.

Bazazzagiya
To ai da haka sai a bar ƙurar ma, ita ma ta zamanin Baba ce. Mutumin da ya naɗe abinsa a bargo, kana ganin da yana raye zai bar tagullarsa ta yi kore?

Injiniya_Tona
Ku raba. Zaren ciki a wanke shi tas don ya yi aiki, koren nan ma a cire don ci yake. Bayan kunnen kuma ya rage na mai abu.

Wani abin da ba a taɓo ba shi ne faifan sama. Kan zamani gindinsa ƙarami ne, duk nauyin a tsakiya zai taru, tsohon katako zai lotsa kai ya fara lilo. A yanka faifan alminiyam mai kaurin milimita 5 ko 6, a huda tsakiya, a ɗora a kan na katakon kamar hula, bol ɗin ya ratsa. In bol ɗin ya gaza tsawo a yanka sabo na 3/8, a ajiye na asalin a gwangwani. Ba a huda katakon ko'ina ba, ranar da ka ga dama ka cire ta koma yadda Baba ya bar ta. A Kano ko Panteka ta Kaduna duk mai injin tona zai yi maka, amma ka tafi da kan a hannu, ka ce zaren inci, ka maimaita.

Zangon_Kumasi
Gaisuwa daga Kumasi. Ni ma na yi irin wannan a Suame Magazine, unguwar makanikai ta nan, tawa ta wani tsoho ce da ya bar aiki. Abin da zan ƙara, tsinin ƙarfe na ƙasan ƙafa. A kan ƙasa yana da kyau, a kan tayil kuwa santsi yake, ƙafafu su baje kyamara ta sha ƙasa. Na sa robar ƙasan sandar guragu a kowace ƙafa, na kuma ɗaure ukun da siririyar sarƙa daga tsakiya. Tun nan ban sake jin tsoro ba.

Likitan_Waya
Ga masu cewa kayan da ne, har gobe ana ƙera su sababbi. Kamfanin Berlebach a Jamus tun 1898 suke, kuma har yanzu na katako suke yi. Ries a Amurka ma haka, tun shekarun 1930. Masu kallon taurari da masu ɗaukar tsuntsaye da dogon gilashi suna saye, saboda dalilin da Baba Safiyo ya faɗa. Kuɗinsu kuwa ya fi na yawancin na alminiyam ɗin da muke rububi.

Mai_Bidiyon_Biki
Su tsuntsayensu ba sa tashi daga Gwale su koma Hotoro cikin awa ɗaya. Ni dai ina nan a kan bakana, don bidiyo ba ta yi ba. Babu kwanon daidaita lebur, sai ka yi ta gyaran ƙafa ɗaya-ɗaya ango na jira.

Baba_Safiyo
A wannan ka yi gaskiya. Ai shi ma shago ya ce.

Ɗan_Mai_Hoto
Salam. Bayan sati uku, ga inda aka kwana.

Ƙwaro babu, leda ta kwana huɗu ba gari. Tsaga ta kama, an yi mata fata ja kamar yadda na Damagaram ya ce, duka ukun. Notin da ya kafe sai a kwana na biyar ya saki. Banish ya narke da sipirit, katakon da ya fito ja ne mai duhu, kafintan layinmu ya ce maɗaci ne ko ɗan'uwansa, kuma ya daina min maganar fenti. Sukurori biyu na faifan sama ramukansu sun buɗe, na cusa tsinken sakace da gam na mayar. Tagulla na wanke zaren na bar kunnuwan, Anti Bazazzagiya ki yi haƙuri. An yi hular alminiyam, na sa roba da sarƙa. Tsagar wuƙa tana nan, ta ma fi fitowa da mai ya shiga.

Jiya na zaunar da Hajiyarmu na ɗauke ta a kan tsagar farko, da hasken taga kawai, rabin daƙiƙa. Zaren mayafinta ɗaya-ɗaya ake gani.

Amma akwai matsala. Ƙafa ɗaya tana zamewa. Na ɗaure notin iya ƙarfina, in na ɗora babbar kyamara sai ta riƙa sauka a hankali. Da ba ta yi haka.

Kafintan_Naibawa
Kakin zuman, har sandar ciki ka murza wa?

Ɗan_Mai_Hoto
Ko'ina, Yaya. Har sau biyu.

Kafintan_Naibawa
To laifina ne da ban ware maka ba. Inda noti ke matsewa ba a sa masa kaki, santsi ka ƙara masa. Ka goge fuskokin da ke haɗuwa da tina a tsumma har sai ka ji yatsa yana turjewa.

In ka yi haka ba ta daina ba, to lokaci ne. Yanzu muna cikin hunturu, katako ya saki ruwan jikinsa ya tsuke. Ba ya raguwa ta tsawo, ta faɗi yake raguwa, sanda irin wannan takan rasa kusan milimita 1 tsakanin Agusta da Janairu. Shi ya sa ƙofar da ke cijewa da damina take rufuwa da kanta yanzu. Ka manna siririyar fata a cikin maɗaurin, amma da ɗan gam kaɗan yadda za ta ɓantaru, don in ruwa ya sauka za ka so ka cire ta.

Baba_Safiyo
Ko ya ƙara washa ɗaya a bayan notin. Wataƙila zaren ne ya ƙare kafin ya matse.

ƊanDamagaram
Ko ƙaron da masu goge ke shafa ma izga. Daka shi, barbaɗa kaɗan, ba ta ƙara zamewa.

Kafintan_Naibawa
Da zafin Afrilu kuma ya narke ya liƙe ƙafar gaba ɗaya. A'a.

Injiniya_Tona
Na fi karkata ga washa. Ka cire sandar ciki ka ɗaure notin haka nan, ka ga ko ratar da ta rage ta fi kaurin sandar.

Ɗan_Mai_Hoto
Zan fara da tina da washa in Allah ya kai mu gobe, fata in ta ƙi. Yanzu dai na tokare ta da ɗan itace a daidai tsagar wuƙar, don akwai masu fasfo da safe.

Sabon_Shiga22
Oga Injiniya, tun da ana maganar, ramin kyamarar da zarensa ya cinye ana iya sake masa, ko sai an canja gindin duka? Don ta maigidan nawa har yanzu da igiyar roba muke ɗaure ta.